Albarushi Biyu a Gwangwani Ɗaya

Hasiya Tanimu ba ta taɓa riƙe bindiga ba sai da ta haura shekara arba'in da biyar. 'Yar Tudun Wadar Zariya ce, ta karanci ilimin haɗa magunguna, ta biyo mijinta Zulkifilu zuwa Amurka tun 'yarsu Umaima tana goye. Suka zauna a Woodbridge. Kowace safiya tana bin babban titin 95 zuwa Alexandria, inda take aiki a wani kantin magani, irin 'yan ƙalilan ɗin da har yanzu ake haɗa magani da hannu, na jariran da ba sa iya haɗiyar ƙwaya da na tsofaffin da ake rage musu ƙarfin magani. Yininta a gaban sikeli yake ƙarewa. Abokan aikinta sun san ba a yi mata magana in tana awo.

Harkar bindiga ta Zulkifilu ce. Injiniya ne, kuma wani dattijon Bature da suka yi aiki tare, Gregory, shi ya ja shi filin harbi har abin ya shiga ransa. Bai tsaya ga harbin allo ba, ya koyi ɗura harsashi da hannunsa. Ya kafa teburi a gareji, ya sayi injin matsawa da sikeli da littattafan da masu yin albarushi ke bugawa. Yakan tara kwanson harsashin da ya harba, ya wanke, ya gyara, ya sa sabuwar faraima a gindi, wato 'yar hular da ke kunna wutar, ya auna albarushi, sannan ya dasa kan harsashin. Ya ce mata kowace bindiga da awon da take so, kuma sai an bi a hankali ake gano shi. A ɗura biyar da awo mafi ƙanƙanta da littafi ya yarda, a ɗura wasu biyar da ɗan ƙari kaɗan, a je a harba, a ga waɗanda suka fi haɗuwa wuri guda a jikin allo. Ita dai takan kawo masa shayi ta koma cikin gida.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko cokali ne ke kaɗawa a kofi, daga baya likita ya kira sunan ciwon, ya ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Wata ranar Lahadi Hasiya ta leƙa gareji ta tarar da shi zaune, albarushi ya watse a teburi, yana kallon hannun nasa. Ta jawo kujera, ta share teburin, ta ce ya faɗa mata awon.

Haka ta shiga. Shi yana karanta littafi yana faɗa, ita tana aunawa. Cikin shekara guda ta fi shi sanin aikin, domin abin da take yi ne tun tana budurwa, garin da ake aunawa ne kawai ya bambanta. Ta fara raka shi filin harbi don ta ga sakamakon awonta, sai wata rana ya miƙo mata bindigar. A shekara ta uku tana zuba harsashi biyar a wurin da bai fi murfin kwalba ba daga yadi ɗari biyu, mazan da ke filin suna zuwa kallon allon matar nan mai hijabi.

Tana da dokokinta. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ake ɗorawa a teburi. Ana gwada sikeli da duwatsun awo kafin a fara. Kuma harsashin da ta ɗura ba ya fita zuwa hannun wani.

Wannan ta ƙarshen ce ta karya saboda Kambai.

Kambai mutumin kudancin Kaduna ne, ma'aikacin jinya, maƙwabcinsu tun shekara goma sha biyu. Matarsa Chundung 'yar Jos ce, ita ta kwana da Hasiya a asibiti lokacin da aka yi mata aiki. Da Zulkifilu ya ga ba zai ƙara shiga daji ba, sai ya mallaka wa Kambai bindigarsa ta farauta, aka cika takardun da doka ta ce. Da lokacin farautar barewa ya matso, Kambai ya zo ya ce harsashin kanti ba ya tafiya daidai a bindigar.

"Hajiya, ke kika san cikinta," in ji shi. "Ashirin kawai."

Awon bindigar yana rubuce a littafinsu da rubutunta, ta gwada shi ya fi sau ɗari. Ta ce to. Ranar Alhamis da ta dawo aiki, bayan la'asar, ta gwada sikeli, ta juye albarushi a cikin injin awo, ta ɗura ashirin. Kowane ɗaya sai da ta ga lambar ta tsaya cif kafin ta zuba. Ranar Juma'a Kambai ya karɓa, ya ce da asubar Asabar zai kasance a gonar Gregory, can bayan Culpeper.

Ranar Asabar da misalin takwas da rabi Hasiya ta ɗaga ƙofar gareji don ta sha iska, rana ta shigo har kan teburi. Ta ɗauko gwangwanin za ta ɗura nata. Wajen juyewa kaɗan ya zube a kan farar takarda, ta kai hannu za ta tattara, sai ta tsaya.

Albarushin da take amfani da shi dogaye ne 'yan siri-siri, kamar an kakkarya bakin fensir. A cikinsu ga wasu ƙwayoyi daban, ƙanana, masu zagaye, suna ɗan ƙyalli.

Ta ƙara zubawa. Ga su nan da yawa. Ta ɗauko gilashin ƙara girma ta duba, ko da yake ta riga ta sani. Albarushi iri biyu ne a gwangwani ɗaya, kuma masu zagayen nan sun fi saurin ci. Sikeli nauyi yake gani, ba ya ganin iri. Awon da ya dace da mai ci a hankali, in aka yi shi da mai sauri, ƙarfin da zai taso a cikin bindiga zai iya fasa ƙarfe, kuma fuskar mai harbi tana nan dab da wurin.

Ta shiga gida. Zulkifilu yana falo da kofin shayi a hannun hagu.

"Baban Umaima, ka taɓa baƙin gwangwanin nan?"

Ya ɗago ya dube ta, ya ajiye kofin a hankali. "Me ya faru?"

"Ka taɓa shi?"

"Ranar Laraba na ɗan gyara wurin."

Ba ta jira sauran ba. Ta kira lambar Kambai, wayar ta tafi kai tsaye wurin ajiye saƙo. Ta sake kira. Ta rubuta masa: kada ka harba ko ɗaya, ka kira ni. Saƙon ya tsaya bai shiga ba. Ta kira wayar gidan Gregory, ta yi ta ƙara har ta katse. Sannan ta kira Chundung.

"Anti Hasiya, ina kwana? Ya jikin Oga?"

"Da sauƙi. Chundung, kin yi magana da Kambai yau?"

"Tun ƙarfe huɗu ya fita. Wurin ba sabis, sai ya fito titi. Lafiya?"

Hasiya ta so ta sassauta maganar, ta ga babu lokaci. "Harsashin da na ba shi akwai matsala. Bai kamata ya harba ba. Yanzu zan tafi can. Ki yi ta kiran sa, kada ki daina."



"Matsala kamar yaya?"

"Bindigar za ta iya fashewa."

"A hannunsa?"

"E."

Chundung ta kashe wayar ba sallama.

Kafin Hasiya ta ɗauko makulli, Zulkifilu ya riga ya sa takalmi yana kokawa da zif ɗin rigar sanyi. Ta so ta ce ya zauna, amma shi ya san hanyar gonar, ita sau ɗaya ta taɓa zuwa. Ta ja masa zif ɗin, suka fita.

Daga Woodbridge zuwa can tafiyar awa ɗaya da kwata ce in hanya ta yi kyau. Suka bi ta Manassas, kowace danja sai ta tsayar da su. Hasiya tana tuƙi tana lissafi a zuci. Gari ya waye tun kafin bakwai. Mafarauci yakan yini bai harba ko ɗaya ba, in barewa ba ta fito ba. Yakan kuma harba cikin minti goma na farko. Ta tuna cewa abin da aka zuba ranar Laraba a saman gwangwanin ya zauna, kuma saman ne ta juye ranar Alhamis.

Sun wuce Manassas kafin Zulkifilu ya yi magana.

"Wata 'yar kwalba na gani a bayan durowa. Ragowar tun lokacin da nake yi da kaina. Ba rubutu a jiki. Na duba na ga kamar shi ne."

"Kamar."

"Na ɗauka ina rage miki aiki ne." Ya danne hannun damansa da na hagu a kan cinya. "Ina zaune tun safe har yamma, Hajiya. Na ce bari in yi wani abu ko ɗaya."

Maganganu da yawa suka zo mata baki. Ta riƙe su, domin akwai wadda ta fi su nauyi. Ranar Alhamis sau ashirin albarushin nan ya zubo a ƙaramin faranti a gabanta, sau ashirin ta ɗauka ta juye a kwanso. Lambar sikeli take kallo. Ko sau ɗaya ba ta kalli garin ba. A wurin aiki da wata sabuwar ma'aikaciya ta yi haka, da ranar za ta sallame ta.

"Ni na ɗura," ta ce. "Kira shi kuma."

Ya kira. Ba ta shiga.

A titin 29 wata motar ɗaukar dawaki ta shiga gabansu tana tafiya kamar ba za ta je ba. Hasiya ta bi ta mil uku kafin ta samu ta wuce. Chundung ta kira sau biyu, tambaya ɗaya take yi, kun isa? A karo na biyu muryarta ta canja, ta ce ta sa yara a mota tana biye da su. Bayan Culpeper sabis ya ɗauke gaba ɗaya.

Goma saura kwata suka shiga hanyar tsakuwa da ke kaiwa gonar. Motar Kambai tana ajiye a gefen rumbun ciyawa, kusa da tsohuwar motar Gregory. Ba kowa a gidan sai kare da ke haushi a ɗaure. Hasiya ta fito, sanyi ya doke ta. Bayan filin ciyawa daji ne har kan tudu, itatuwa duk sun zubar da ganye.

Daga can cikin dajin aka yi harbi ɗaya. Ƙarar ta daki tudun ta dawo.

Ta dafa motar.

"Wannan daga hagu ne," in ji Zulkifilu. "Gonar maƙwabta ce. Wurin da Gregory ke ajiye baƙi yana dama, bayan rafin."

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba."

Ta koma mota ta danna hon, ta riƙe, ta saki, ta sake dannawa. Ba wanda ya fito. Shiga daji ranar farauta ba tare da tufa mai launin lemo ba neman mutuwa ne, ita kuma hijabinta ruwan ƙasa ne, kalar barewa sak. Ta buɗe but ta ciro rigar nan mai ƙyalli da ake sawa in mota ta lalace a titi, ta ɗora a kan hijabin.

"Ka zauna ka yi ta danna hon. Kada ka tsaya."

Ta ratsa filin da gudu-gudu, takalmin gida ne a ƙafarta, raɓa ta jiƙa su tun taku goma na farko. Tana shiga itatuwa ta fara kiran sunan Kambai. Ganye busasshe yana ƙara a ƙarƙashinta, ta san duk wanda ke saman itace da bindiga zai ji motsi kafin ya ga mai yin sa. Ta ci gaba da kira, da Hausa da Turanci, tana cewa mutum ne, kada a harba. Ta tsallake rafin, ƙafa ɗaya ta nutse har idon sawu.

Gregory ne ya fara fitowa, da hula mai launin lemo, fuskarsa a murtuke saboda an kore masa dabbobi. Da ya gane ta sai ya tsaya. Ta faɗa masa da Turanci cikin jimla biyu. Dattijon ya juya ya kama hanya, tana bin sa, ya sa yatsu a baki ya yi fito mai ƙarfi sau uku.

Kambai yana zaune a wani ɗan dandamali da aka kafa a jikin itace, sama da ƙasa kamar tsayin mutum uku. Bindigar tana kan cinyarsa. Ya leƙo yana mamaki.

"Hajiya? Me ya kawo ki? Oga ne?"

"Ɗauke hannunka daga kunamar. Akwai harsashi a ciki?"

"Akwai."

"Cire shi. A hankali. Ka juya bakin can."

Ya yi yadda ta ce. Ya zuge sakatar bindigar, harsashin ya faɗo a tafinsa, ya zare sauran ya zuba duka a aljihu. Ya ɗaure bindigar da igiya ya sauko da ita, sannan ya biyo tsani. Sai da ya sauko ta ga kuncinsa na dama. Akwai ɗigo-ɗigon baƙi a ƙasan tabarau, fatar wurin ta yi ja.

"Ka harba," ta ce.

"Ɗaya, wajen ƙarfe takwas. Na kuskure. Ta doke ni a kafaɗa kamar jaki, wani hayaƙi ya feso mini a fuska. Sakatar ma ta ƙi buɗuwa sai da na buga da hannu. Na ɗauka sanyi ne ya sa."

"Ina kwanson?"

Ya laluba ya miƙo mata. Gindin kwanson ya baje, rubutun da ke jiki ya shafe, ramin faraima ya zama wawakeken baƙin rami, ita faraimar babu ita. Gregory ya karɓa ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo. Ya cire tabaran Kambai ya duba gilashin dama, akwai 'yar tsaga a gefe. Ya mayar masa, ya ce da Turanci yau coci ya kamata ya wuce, ba gida ba.

Kambai ya yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya. Ya zauna a kan wani kututture. Hasiya ta ce ya ba ta sauran. Ya zubo su a hannunta, ta ƙirga sha tara, ta sake ƙirgawa. Daga nesa hon yana ta yi, Zulkifilu bai tsaya ba.

"Laifina ne," ta ce. "Albarushi biyu suka haɗu, ban duba ba. Ka yafe mini."

"Haba Hajiya. Ai ni na roƙa."

"Ni ya kamata in ce a'a."

Suna fitowa fili motar Chundung tana shigowa. Ta fito ba ta ko rufe ƙofa ba, ta kama fuskar mijinta da hannu biyu tana duba kuncin. Hasiya ta matso za ta yi magana. Chundung ta dube ta, ta dubi Zulkifilu da ke tsaye jikin mota, ta ce wa Kambai ya shiga su tafi, a bar tasa motar a nan.

Washegari Hasiya ta zauna ta warware harsasan ɗaya bayan ɗaya, tana juye kowanne a farar takarda. A wasu harsasan, ƙwayoyi masu zagayen ba su fi a ƙirga ba. A guda shida kuwa sun kusa rabin albarushin. Ba ta san wanne ne ke cikin bindigar lokacin da ta iso ba, tunda Kambai ya haɗe su a aljihu, ba ta kuma san wane iri ne ya harba ba. Gwangwanin da abin da ta juye duka ta kai wurin da ƙaramar hukuma ke karɓar kaya masu haɗari. Bindigar aka kai wa maƙerin bindigogi, ya riƙe ta sati uku, ya canja sakatar, ya ce sauran ƙarfen ya tsira.

Zulkifilu ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Ranar Laraba ya miƙo mata makullin gareji, ya ce ta ajiye a jakarta. Ta karɓa. Bayan sati biyu ta mayar da shi kan ƙusar da yake rataye, ta sayo kabad mai kwaɗo ta zuba albarushin a ciki, ta ba Zulkifilu aikin wanke kwanso da jera su, wanda rawar hannu ba ta hana shi. Ita kanta sai da aka shiga watan Maris kafin ta sake ɗura ko ɗaya, kuma na farkon da ta harba sai da ta runtse ido.

Kambai ya ci gaba da shigowa gaishe da Zulkifilu kamar da. Ya koma harsashin kanti, ya samu barewarsa a satin ƙarshe na farautar, ya aiko musu da cinya. Chundung ce ba ta tako gidan ba. In sun haɗu a bakin titi sai ɗaga hannu daga cikin mota. Hasiya ta je sau biyu, aka karɓe ta a falo, aka kawo ruwa, hirar ba ta wuce gaisuwa ba.

Ana saura kwana uku azumi suka yi kiciɓis a shagon kayan abincin gida, kowacce da kwandonta, a layin da ba wurin kaucewa. Suka gaisa. Chundung ta tambayi jikin Oga, Hasiya ta tambayi yara. Har Chundung ta wuce, sai ta tsaya ta juyo.

"An kawo mini acca daga Jos. In Oga yana shan kunu, in aiko."

"Yana sha," in ji Hasiya.

"To, zan kawo da yamma."